Tukkun Gauraka da Ƙwaryar Ranau

Dalilin da ya sa gauraka yake da tukku, kuma ba ya kwana sai a ƙololuwar itace, yara, ku matso ku ji.

A zamanin kakannin kakanni, ba a binne mutum shi kaɗai. Sai an kwantar da tsuntsu a gefensa, wai shi zai nuna masa hanya. Kuma ba kama shi ake yi ba. Ado ake yi masa, a miƙa masa ƙwaryar mamacin, in ya ci tsaba ɗaya to ya yarda ke nan.

A lokacin kan gauraka tal yake kamar bayan ludayi, abin yana damunsa ƙwarai. Ranar da Sarkin Noma Ranau ya rasu, ya ji ana neman tsuntsun da za a yi wa ado. Gogan naku ko tambaya bai yi ba, ya sheƙo a guje.

Tsohuwa Tanoma, mai yin adon, ta dasa masa busasshiyar ciyawa a ka, ta liƙe da ƙaro, ta shafa masa farar ƙasa a kumatu. Gauraka ya yi ta taka rawa har bakin rami. Sai ta miƙo ƙwarya.

"Ci, ɗan nan, hanya da nisa."

Ya miƙa wuya, sai ya tsaya. "Hanyar ina, Iya?"

"Rakiya mana. Ga wurinka can gefen Ranau."

Ya leƙa ramin. "Iya, 'yan rakiyar nan suna dawowa?"

"Ni dai da tsufana ban taɓa ganin ko ɗaya ba."

"To, tunda da nisa, bari in gwada fukafukaina."

Fir! Ya tashi, ƙafarsa ta ture ƙwaryar, gero ya watse. Kaza kuwa, uwar kwaɗayi, tana nan tana kiwo. Kafin a ce kwabo ta tsattsage tsaba uku.

"Madalla," in ji Tanoma. "Ga wadda ta yarda."

Ƙaron nan bai sake ba. Shi ya sa har yau gauraka yake yawo da adon da ba nasa ba, yana kwana a sama don kada Tanoma ta biyo sawu. Manomi kuma in ya tone tsohon kufai, ƙashin kaza yake tararwa a gefen mutum.