Rumbun Kurege Mai Tagogi Bakwai

An yi wani Kurege mai shegen iyayi. Sau ɗaya tak ya taɓa leƙa birni, shi ma a cikin buhun gyaɗa, amma tun da ya dawo komai na garinsu ya zama "na ƙauye". Maƙwabciyarsa Bushiya kuwa ba ta iya ɓoye magana ba.

Da kaka ta yi, kowa ya tashi gina rumbu. Kurege ya kira Zanzaro magini.

"Ka zana min wata da taurari a jikinsa," in ji Kurege. "Ka huda tagogi bakwai. Jinka kuma ba na so."

Bushiya ta leƙo ta kan danga. "Rumbu ba jinka? In ruwa ya sauko fa?"

"Gwaggo, ke ba ki san fasaha ba. Jinka za ta rufe min taurari. Dubi naki, kamar tukunya ta sa malafa!"

"Tukunyar nan ce za ta ciyar da ni har baɗi. Naka kuwa ƙaƙale ne."

"Wayewa ce!"

"Feleke dai."

"Gayu ne!"

"Son a sani!"

Zanzaro ya gama aikinsa, Kurege ya juye gyaɗarsa ta shekara guda a ciki. Duk rani yana gindin rumbu, kowa ya zo wucewa sai ya tare shi. "Ja da baya, karkata kai, lumshe ido ɗaya. Ka ga abin da nake nufi?" Kunkuru ya karkata har wuyansa ya ƙage, bai ga komai ba sai laka.

Sai ga damina. Ruwan farko ya wuni yana zuba cikin rumbu. Mako na zagayowa, koren ganye ya leƙo ta tagogin nan bakwai. Gyaɗa ta tsiro kaf!

Dabbobi suka taru. Kurege ya gyara murya, cikinsa na ƙugi. "Da gangan na yi. Shi ake yayi a birni."

Bushiya ta ja da baya, ta karkata kai, ta lumshe ido ɗaya. "Yau kam na ga abin da kake nufi."

Dariya ta ɓarke. Kunya ta rufe Kurege, amma yunwa ta fi ta ƙarfi. Can da la'asar ya sulalo ƙofar Bushiya da ƙoƙo a hannu.

"Gwaggo, tukunyar nan mai malafa, akwai saura a ciki?"

"Akwai. Amma ga lauje, fara yanko ciyawar jinka."

Darasin wannan labari shi ne, ado ba laifi ba ne, amma kada son burge mutane ya sa ka raina abin da ke tsare maka abincinka.