Magudanar Ruwa a Garin Zalɓe

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.
Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wani gari ne na ƙananan dabbobi a cikin kwari. Wata shekara sai Zalɓe ya zo daga hayin teku da jama'arsa, suka ci garin da yaƙi. Ya gina gida a kan tudu, ya kewaye lambu tun daga tudun har gangare. Tun daga nan ko rijiya za a yashe sai an tambaye shi, har mutanen gari suka manta yadda ake yanke shawara.

Ana nan, sai Zalɓe ya tara su. Ya ce su zaɓi majalisa ta kansu, ta kula da kasuwa da rijiyoyi da hanyoyi, amma makamai da shari'a suna hannunsa. Aka ajiye ƙore, kowa ya jefa tsakuwa a ƙoryar wanda yake so. Aka zaɓi Bushiya da Gafiya da Damo, Bushiya ce shugaba.

Damina ta sauka. Ruwa ya cika ramukan unguwar gangare, har ya tafi da 'ya'yan Ɓera biyu. Majalisa ta zauna, ta ga sai an haƙa magudana, kuma hanya mafi kusa ta cikin lambun Zalɓe ta bi.

Bushiya ta hau tudu ta gaya masa. Ta iske shi a lambu tsaye cikin ruwa, ko gwiwarsa bai kai ba. Ya ce shi bai ga wata ambaliya ba. Ta koma da Damo, Zalɓe ya ce sai ya ji daga manyansa na hayin teku. Ta sake komawa da Ɓera mai makoki. Sai Zalɓe ya ce, "Hanyoyin gari na ba ku. Lambu ba hanya ba ne."

Bushiya ta sauko ta gaya wa majalisa. Damo ya ce a watse kawai, majalisar nan wasan yara ce. Akwai wata hanya mai nisa, amma ta tsakiyar gidan Gafiya za ta ratsa, gidan da kakanninta suka haƙa. Kowa ya sani, ba wanda ya iya faɗa.

Gafiya ta miƙe tsaye. Ta ce, "Da Zalɓe ne ya ce a rushe gidana, da na mutu ina tsine masa. A kawo ƙore, gari ya faɗa."

Aka jefa tsakuwa. Gari ya ce a haƙa. Gafiya ta kwashe kayanta tana hawaye, kuma ita ta fara sa farce a ƙasa. Sai kowa ya bi bayanta, har da Damo. Da ruwa ya sake sauka, ya bi magudana ya faɗa rafi, ba ramin da ya jiƙe. Daga nan suka taru suka haƙa wa Gafiya sabon gida.

Zalɓe na kan tudu yana kallo. Ya ga gari guda yana aiki ba da umarninsa ba. Ya aika a tambayi Bushiya me majalisa za ta tattauna a zama na gaba.

Bushiya ta ce wa ɗan aiken, "Ka gaya masa maganar filaye ce. Muna so mu ji na wa ne tudun nan kafin ya zo."

To kun ji. Ikon da aka miƙo muku kaɗan ne, amma wanda kuka sha wahalarsa tare, shi ba mai ƙwace muku.

Kurunkus, nan ta tsaya, kowa ya tafi da abin da ya tsinta.