Ƙwai Huɗu a Cikin Ƙanƙara

Akwai wani makiyayi a can ƙarshen arewacin duniya, inda itace ba ya tsiro, ƙanƙara kuwa takan rufe ƙasa yawancin shekara. Dabbobinsa masu kama da barewa ne. Kowace shekara yakan kora su zuwa wani fili su haihu a kan sabuwar ciyawa. A wannan shekara ya iso ya tarar da filin fari fat, dabbobin sun rame, haihuwa kuma ta kusa.

Ya ce wa tsohuwarsa, "Inna, mu juya. In mun zauna garken zai ƙare."

Ta ce, "In sun haihu a hanya, ɗan wa zai rayu? Zo ka gani."

Ta kai shi wani ɗan wuri da ƙanƙara ta narke, bai fi faifai ba. Ga wata tsuntsuwa mai dogayen ƙafafu, irin waɗanda kuke gani suna kiwo a fadamunmu da rani, tana kwanci a kan ƙwai huɗu. Ko ƙwaro ɗaya babu a wurin.

Tsohuwar ta ce, "Ɗana, wannan daga ƙasar zafi ta taso. Da za ta jira ta ga ƙwari kafin ta yi ƙwai, da 'ya'yanta sun fito bayan abinci ya wuce. Ta san abin da ke zuwa."

Ya zauna, amma ba da daɗin rai ba. Iska ta taso, dusar ƙanƙara ta binne tsuntsuwar har wuya, ba ta tashi ba. Shi ma kunya ta hana shi tashi.

Bayan mako uku rana ta buɗe, ruwa ya gudu ko'ina, ciyawa ta fito. Sauro ya tashi kamar hayaƙi, sai ga 'yan tsaki huɗu suna gudu suna tsattsaga. Dabbobin suka haihu lafiya. Ban taɓa jin wanda sauro ya ciza ya yi ta yabon Allah ba sai wannan mutum.

Ma'anar wannan misali ita ce, ƙwan nan aikin da Ubangiji ya ba ka ne, ƙanƙarar kuwa wahalar da kake gani yau. Waɗansunmu sun ce sai komai ya daidaita za su yi biyayya. Ranar da ya daidaita, lokaci ya wuce. Ku zauna a kan abin da aka ba ku, 'yan'uwa. Allahn da ya kira tsuntsuwa daga fadamarmu ya riga ya shirya abincin 'ya'yanta tun suna cikin ƙwai, kuma bai makara ba.