Dalilin da Ya Sa Gansakuka Ba Ta da Saiwa

Ke Uwale, randa na ce ki kankare, shi ne kika tsare ni da tambayar me ya hana gansakuka saiwa? Bokon naku bai gaya muku ba? To ku buɗe kunne, ba na maimaita magana.

Dalilin da ya sa ta zama haka, a da saiwarta doguwa ce kamar ta gawo. Shekarar da tafkin masunta ya ƙafe, 'yan tarwaɗa biyu suka rage. Aka damƙa su ga wata mata, Ladingo, ta riƙe a randa su zama iri in damina ta sauka. In suka mutu, sana'ar gari ta mutu.

Gansakuka na bakin tafki tana yaushi, ta ce, "Baiwar Allah, sa ni a randarki in yi wa kifinki inuwa. Ko ɗigo ba zan sha ba."

Ladingo ta sa ta.

Kullum sai ta yi tafiyar wuni ta samo ruwa tulu ɗaya ta juye a randar, gari na wayewa ruwa ya sauka taki guda. Ta dubi 'yarta tilo, Tasalla.

"Ke ce ke shanyewa!"

"Wallahi Inna ban taɓa ba. Dubi leɓena."

"Leɓe ba ya shaida. Daga yau moɗarki ta kifi ce."

Kwana biyu yarinya ba ta kurɓi ruwa ba. A na uku ta ɗauki ƙwarya ta shiga daji nema. Ƙwaryar kaɗai aka tsinto.

Ruwa kuwa bai fasa sauka ba. Ladingo ta zura hannu har gindin randa, ta ji saiwa ta cika ta dam, kifayen nan sun sarƙe a ciki sun mutu.

Ba ta yi kuka ba. Wuƙa ta ɗauko ta yanke saiwar tas, ta shafa sauran gansakukar a bayan randa, ta ce, "Ki kwana kusa da ruwa har abada, amma sai dai lasa."

Ita kuma Ladingo har ta mutu, ba ta kai moɗa baki sai ta fara zubar da ɗaya a ƙasa, rabon Tasalla.

Shi ya sa har yau gansakuka ke liƙe a bayan randa da bakin rijiya ba saiwa, tana lasar danshi. Ka kankare ta dawo, marar kunya.

Wa ke sheshsheka? Ku tashi ku kwanta. Ke Uwale, sha ruwa tukuna.