Zomanyar Ladingo

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

"Wai ni Yalwa, wane irin wari ne ke yi wa mutum maraba tun daga zauren gidanki?"

Maƙwabciya ce ke tambayar Inna Yalwa. Ladingo na bayan danga tana tankaɗe, ta ji komai. Ita amarya ce, makonta uku a gidan, Inna Yalwa kuwa uwar mijinta. Warin na zomanyar da kakar Ladingo ta miƙa mata ne ranar da za a kawo ta, ta ce, "Ungo abokiyar hira." Duk gidan nan, zomanyar kaɗai Ladingo ke iya kallo ido cikin ido.

Maƙwabciya na fita, sai Inna ta ƙwala kira. "Ke amarya!"

"Na'am, Inna."

"Kin dai ji da kunnenki. Ranar Juma'a in hancina ya tsinci wani abu, a tukunya abar nan taki za ta kwana."

"To, Inna."

Sai Ladingo ta kwaso toka ta zuba a akurkin zomanyar. Sai fitsari ya kwaɓe tokar ta zama caɓi. Inna ta leƙa ta ce, "Kunu kike dama mata?"

Sai ta kwashe, ta shimfiɗa ƙaiƙayi. Sai kaji suka zura kai suka tone, suka baje shi a tsakar gida. Inna ta ce, "Yau kuma sussuka muka koma?"

Ladingo ta zauna ta yi tagumi, idonta a kan rumbu, yadda aka ɗora shi bisa duwatsu. Sai ta miƙe. Ta ɗaga akurkin a kan duwatsu huɗu, ta jera masa kara a ƙasa, ta bar tsakani faɗin yatsa biyu. Ta tura tsohon kasko da toka a ƙarƙashi. Kashi ya faɗa kasko, fitsari ya bi shi. Da safe a ja, a zubar, shi ke nan. Wari ya ɗauke.

Ran Laraba sai zomanya ta hau tsige gashin cikinta tana tarawa a lungu. Ladingo ta sa tsintsiya ta share. Zomanya ta buga ƙafa, tim!

Ran Alhamis ta sake tarawa, har fatar cikinta ta yi ja. Ladingo ta ce, "Haba ƙawata, so kike a yanka min ke?" Ta share tas. Da yamma ta ga wani ɗan tulin, ta sake sharewa.

Juma'a da sassafe ta ja kasko. Sai ga 'ya'ya biyar cikin toka, jajaye, ba gashi, ba motsi. Ta tsakanin karan suka zubo. Ta taɓa ɗaya, sanyi ƙalau. Ashe da ciki zomanyar ta zo gidan, shimfiɗar jegonta ce Ladingo ta yi kwana biyu tana sharewa.

Sai ga takun Inna. Ladingo ta ja bakin zane ta rufe kaskon.

Inna ta sunkuya, ta shinshina dama, ta shinshina hagu. "Kai! Ko tuwo a ci a nan. Ta tsira, amarya. Ashe kina da hannu."

"Na gode, Inna."

Da Inna ta wuce, Ladingo ta kai 'ya'yan bayan rumbu ta tona musu rami da ludayi. Da ta dawo, zomanya na zagaye akurkin da gashi cike da baki, tana cusa hanci tsakanin kara. Ladingo ta miƙa mata ganyen dankali, zomanya ta juya mata baya.

A nan tsugune Ladingo ta yanke ba za ta faɗa wa kowa ba. Ba Inna ba, ba maigidan ba, ba kakarta ba in ta je ganin gida aka tambaye ta lafiyar abokiyar hira.

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare a nan. Kafin ka ɗaga tsintsiya, duba ko abin da kake kira shara shimfiɗar wani ce.