Manomin da Ya Je Neman Tsohon Mai Mota

Akwai wani mutum, manomin tumatir, wanda yake zaune da iyalinsa a wani ƙauye kusa da fadama. Mutane suna kiransa Baban Ƙauna, da sunan 'yarsa ta fari. Yana da shanun huɗa, yana kuma da wata tsohuwar mota. Da ita yake kai kwandunan tumatir kasuwa, da ita kuma yake ɗaukar tsofaffin unguwarsu zuwa sujada ranar Lahadi.

Motar nan ta yi masa hidima shekaru da yawa, sa'an nan ta fara gajiya. Da safe sai an tura ta kafin ta tashi. In ta kama hawa, hayaƙi ya turnuƙe bayanta har masu keke su riƙa kauce mata.

Ana nan, wata ranar kasuwa ya cika ta da tumatir mafi kyau da ya samu a shekarar. Suna tsakiyar hanya sai ta tsaya, ta ƙi motsi. Kafin ya sami mai jan ta, kasuwa ta watse, rana kuma ta dafa tumatir ɗin a cikin kwanduna. Ya koma gida ransa a ɓace, ya ce wa matarsa ya gama da wannan mota.

A garin da ke kusa akwai wani dillalin motoci na hannu, sunansa Zakka. Ya nuna wa manomin wata mota shuɗiya, fentinta yana ƙyalli, kujerunta ba ko yagewa. Da ya faɗi kuɗinta, sai manomin ya ga in ya sayar da shanun huɗarsa ya haɗa da tsohuwar motar, zai iya saye. Suka zaga gari a cikinta, tana tafiya shiru kamar ba inji a jikinta.

To, manomin nan mutum ne mai yawan tambaya. Tun daga gari har gida abu ɗaya yake juyawa a ransa. Matarsa ta lura bai ci tuwonsa sosai ba, ta tambaye shi ko motar ba ta yi masa ba. Ya ce ta yi masa, har ta yi yawa.

Ya ce, "Abin da nake so in sani shi ne, mota mai kyau haka, me ya sa mai ita ya rabu da ita da araha?"

Ta ce, "Baban Ƙauna, in shanun nan suka tafi, da hannu za mu yi huɗa bana. Gara ka je ka tambaye shi da bakinka."

Da ya koma wurin dillalin ya tambayi wane ne mai motar, Zakka ya yi ta kewaye-kewaye. Ya ce shi dillali ne, mota yake sayarwa, labarin masu ita ba ya cikin ciniki. Amma da ya ga mutumin ba zai biya ba sai ya sani, ya kwatanta masa gidan wani ɗan kasuwar hatsi mai suna Irmiya, a bayan tashar gari.

Irmiya mutum ne mai fara'a da son baƙi. Ya sa aka kawo ruwa da kunun zaƙi, ya ce ba shi da abin ɓoyewa. Ya gaya wa manomin cewa motar nan shuɗiya ta ba shi kunya. Da ya saye ta lafiyarta ƙalau, amma ba a daɗe ba ta fara zafi, ta fara ƙara, har injin ya kusa bugawa. Sai ya sa aka ɗan lallaɓa ta, aka yi mata fenti, ya miƙa wa dillali.

Manomin ya tambaya ko ita ce motarsa ta farko. Irmiya ya yi dariya, ya ja shi zuwa bayan gida. A can ga gawarwakin motoci a jere cikin ciyawa, wata ba tayoyi, wata kaji sun mai da ita akurki. Ya riƙa nuna su ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin laifin kowace. Manomin yana saurara, sai ya lura da wani abu da ya ba shi mamaki: motocin ba iri ɗaya ba ne, ba kuma wuri ɗaya aka sayo su ba, amma duk ciwo ɗaya ya kashe su. Kowace ta fara da zafi, ta bi da ƙara, ta ƙare da hayaƙi.

Irmiya ya ce yanzu dai Allah ya raba shi da wahala, gama ya sami mota ta kirki. Ya kai baƙonsa ƙofar gida, ya buɗe masa wata fara wadda bai daɗe da saya ba, ya tayar da ita don ya ji daɗin muryarta. Manomin ya zauna a gaba yana dube-dube yadda ya saba. Sai ya ga an manna baƙin salatif a jikin gilashin da ke bayan sitiyari, wani ɗan haske ja yana leƙowa ta gefensa. Ya tambaya mene ne wannan.

Irmiya ya ce, "Wata 'yar fitila ce take kamawa tun makon jiya. Tana damun idona in ina tuƙi, shi ya sa na rufe ta."

Manomin ya tambaye shi yaushe rabonsa da juye baƙin mai, ko duba ruwan lagireto. Irmiya ya ce shi mutum ne mai harkoki, ba shi da lokacin zaman gareji, mota kuwa in dai tana tafiya ai lafiyarta lau.

Manomin ya buɗe baki zai yi masa faɗa, sai ya fasa. Gama ya tuna lokacin da tasa motar ta fara wata ƙara a ƙarƙashin bonet, ƙara muryar rediyo ya yi. Da ta fara ɗigar da mai a tsakar gida, ƙasa ya sa aka zuba a wurin. Ya nemi ranar da ya juye mata mai na ƙarshe a ransa, bai same ta ba.

Ya roƙi Irmiya ya cire salatif ɗin ya kai motar a duba. Irmiya ya ce zai yi in ya sami sarari. Suka yi sallama.

Manomin bai sayi shuɗiyar mota ba, bai kuma sayar da shanunsa ba. Ya sa aka ja tsohuwar zuwa gareji. Bakanike ya buɗe injin, ya ce ya ji jiki ƙwarai, amma bai mutu ba. Gyaran ya ɗauki lokaci, iyalin kuma suka ɗaure ciki a wannan damina. Daga nan kullum da safe, kafin ya sa makulli, sai ya ɗaga bonet ya duba mai da ruwa. In ya ji baƙuwar ƙara, sai ya tsaya ya saurara. Motar ta ƙara yi masa hidima wasu shekaru. Da ƙarfinta ya ƙare da gaske, ya sayi wata ta hannu, wannan kuwa ta daɗe a wurinsa.

'Yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Motar ita ce duk abin da Allah ya danƙa a hannunmu: aurenmu, aikinmu, abokanmu, ikilisiyar da muke sujada a cikinta. 'Yar fitilar nan ja ita ce gargaɗin da Ubangiji yake aiko mana tun abu bai lalace ba. Wani lokaci ta wurin Maganarsa yake zuwa, wani lokaci ta bakin dattijo, wani lokaci kuma ta wurin shirun da matarka ta fara yi a gida. Salatif ɗin shi ne hujjojinmu: ba ni da lokaci, ba kome ba ne, kowa ma haka yake yi.

Da yawa a cikinmu, in abu ya fara ba mu wuya, sabo muke nema. Wani ya bar wannan ikilisiya ya koma waccan, ya bar waccan ya koma wata, kowace kuma yana da labarin laifinta. Wata ta sake ƙawaye har ta gaji, tana cewa mutanen yanzu ba amana. Ba mu cika tsayawa mu tambaya ba, me ya sa duk abin da ya shigo hannunmu ciwo ɗaya yake kashe shi.

Kada wani ya fita daga nan ya ce mai wa'azi ya hana sayen mota. Akwai abin da yakan tsufa da gaske, sake shi kuma ba zunubi ba ne. Manomin ma daga baya ya sake tasa. Amma sai da ya fara sake halinsa. Da ya sayi shuɗiyar a ranar nan, da ya rasa shanunsa, ya kuma kashe ta kamar yadda ya kusa kashe ta farko.

Saboda haka a wannan mako, kowa ya zauna shi kaɗai a gaban Ubangiji, ya tambaye shi, "Wane gargaɗi ka aiko mini na rufe?" Zai nuna maka, gama shi mai jinƙai ne, ba ya kuwa jin daɗin lalacewar kowa. In ya nuna maka, kada ka ce sai ka sami sarari.