Ƙwanƙwasar Inji A Hanyar Jugu

An yi wani mutum a nan garin Paraku, a unguwar Lajifarani. Sunansa ba zai fito daga bakina ba. Waɗanda suka riga suka gane shi a sahun baya su rage murmushi, ina ganinku.

Mutumin nan ɗan gidan fatauci ne. Mahaifinsa ya rasu ya bar musu rumfunan atamfa a kasuwa, kuma da yake shi ne babba, aka damƙa masa riƙonsu. Ba ya shan giya, ba ya caca. Ciwonsa ɗaya ne, so yake a kalle shi. Idan ya shiga taro ba a waiwayo ba, ranar ko tuwo ba ya masa daɗi.

Sai ya je Kwatano ya sayo mota 'yar Turai mai turbo. Ga waɗanda ba su sani ba, turbo wata na'ura ce mai hura iska cikin inji don ya ƙara ƙarfi, kamar yadda maƙeri ke zuga wuta. Waɗanda suka ƙera motar sun auna mata iya iskar da za ta ɗauka. Motar lafiyarta ƙalau. Laifinta ɗaya a wurinsa, ba ta da ƙara. Tana wucewa shiru, masu shayi ba su ɗago kai.

Aka haɗa shi da wani Ɗanbala, mai gyaran da ba shi da gareji sai inuwar mangwaro da kwamfuta a jaka. Ɗanbala ya jona waya, ya danna abin da ya danna, ya ƙara wa turbo iska fiye da yadda aka tsara. Ya yanke salansa. Ya ɗaura wani ƙarfe da ke sa mota atishawa duk lokacin da aka saki totur. Daga ranar babu mai barcin rana a Lajifarani. Awaki suka koyi hawa katanga, masu zem, wato 'yan acaɓa, suka koyi salati. Mutuminmu kuwa ya samu abin da yake nema, ana kallonsa.

To, ya 'yan uwa, ku saurari wannan da kyau. Ya kashe dukiya a kan fenti, da tayoyi masu ƙyalli, da fitilu har a ƙarƙashin mota, domin waɗannan ido na ganinsu. Amma man da zai zuba mata, wanda ba mai gani, nan ne rowa ta kama shi. Ba ya shiga gidan mai. Sai ya lallaɓa wata unguwa mai nisa, ya ɗaga gilashi, ya sayi kpayo, wato fetur na kwalba a bakin titi, wanda wani mai kyau ne, wani kuwa Allah kaɗai ya san abin da aka gauraya a ciki.

Ba a daɗe ba injin ya fara magana. Idan ya taka totur da ƙarfi, musamman da rana tsaka, sai a ji ƙas-ƙas-ƙas, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa.

Ya kai ta wurin Yaou, mai babban garejin nan na hanyar tasha, mutumin da bai iya lallashi ba. Yaou ya ɗauki dogon sukundireba, ya kafa bakinsa a jikin inji, ya ɗora kunnensa a kan ƙotar, ya sa aka yi ta taka totur. Ya ce wannan ba bugun ƙasan inji ba ne, domin shi wancan nauyi gare shi kamar daka a turmi. Ya shiga motar suka hau tudu, ƙarar ta fito. Suka dawo ya kwance buji, wato fulogogi, ya ga bakinsu ya yi fari fat, ga wasu ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa musu garin ƙarfe. Ya sunsuni man da ke tanki ya yamutsa fuska.

Ya ce, "Alhaji, iska ta yi yawa, mai ba shi da ƙarfi. Man yana fashewa tun lokacinsa bai yi ba, yana dukan kan fistan. Wannan garin ƙarfen da ka gani, fistan ɗinka ne ya fara narkewa. A mayar da turbo yadda yake, ka riƙa shan mai na kirki, ka sassauta ƙafa."

Mutuminmu ya tambaya ko atishawar za ta ci gaba idan an yi haka. Yaou ya ce za ta ragu. Sai ya karɓi makullinsa, ya ce ashe tsufa ya kama Yaou, bai san motocin zamani ba.

Ya koma inuwar mangwaro. Ɗanbala ko bonet bai buɗe ba. Ya ce, "Pas de problème, ba matsala, maigida. Muryar ƙarfi ce. Duk motar tsere haka take." Wannan magana ta yi masa daɗi, har ya yi wa Ɗanbala kyautar shadda.

Wanne ne masoyinsa a cikin biyun nan, ya 'yan uwa? Kuma mu, wurin wanne muka fi zuwa?

Sai wata 'yar fitila ta kama a gaban sitiyari, mai nuna inji na cikin wahala. Me ya yi? Ya sayo 'yar takarda mai ɗanko da aka rubuta wa Masha Allah, ya liƙe fitilar da ita. Ƙarar ta ƙaru. Me ya yi? Ya ƙure rediyo. Kuma abin da ya fi ba ni kunya, an gaya mini wa'azina yake sakawa, wanda na yi a kan girman kai. Da muryata yake toshe kunnensa.

Har gidana ya zo. Ya ce bakin mutane ya kama motarsa, mahassada sun sa ta gaba, in zo in yi mata tofi. Na fita na yi mata addu'a, domin addu'a ba ta da laifi. Sannan na ce masa ni ban karanci inji ba, amma wannan ƙarar ba ta yi mini kama da ta mahassada ba, ya koma wurin Yaou. Ya yi godiya, ya tayar, ya bar ni cikin hayaƙi ina tari.

Ana nan sai auren ƙanensa ya taso. Yarinyar, Mubina, 'yar wani gidan mutunci ce a Jugu, an sa ɗaurin aure bayan azahar. Dangi suka ɗauki bas. Mutuminmu ya rantse cewa wakilin ango, wato baffansu Moustapha, ba zai shiga bas yana da rai ba. Ya sa Baffa a gaba, Gwaggo Habsa a baya, goron ɗaurin aure a but. Bas ta tashi da hantsi. Shi kuwa ya ce su je, zai tarar da su ya wuce su, ya tsaya ana goge masa tayoyi.

Da suka hau kwalta rana ta riga ta take. Ya taka. Baffa ya ce a rage, ba tseren ake ba. Gwaggo Habsa ta ce ita tana jin kamar ana soya gyaɗa a ƙarƙashin ƙafarta. Ya ce muryar ƙarfi ce, ya ƙara rediyo.

Bayan gadar Beteru suka cim ma wata tsohuwar kamiyo, babbar motar kaya, da ta kai doya Paraku, tana komawa Kolokonde da buhunan taki. Tana tafe tana nishi. Ya yi mata oda, ya fito gefe, ya nutsa ƙafa har ƙasa, ya kuma sauke gilashi don direban ya ga fuskarsa. Daidai nan ƙas-ƙas ta koma gwaram. Hayaƙi ya turnuƙe, baƙin mai ya malale a kwalta, motar ta gangara gefen hanya ta yi shiru, shirun da 'yan Lajifarani suka daɗe suna roƙon Allah. Rediyo kaɗai ya rage, ni ina ta magana.

Allah ya tsare rayukansu. Direban kamiyon nan da aka yi wa gadara shi ne ya tsaya. Gwaggo ta samu gaba. Baffa Moustapha, dattijo mai farar babbar riga, aka tura shi sama kan buhunan taki, kwandon goro a cinyarsa.

A Jugu kuwa an yi azahar, liman ya zauna, babu wakili, babu goro. Mutane suka fara ƙus-ƙus. Mahaifin Mubina ya ce idan raini ne a gaya masa, 'yarsa ba ta rasa manema ba. Ango ya zauna a gefe yana zufa kamar mai zazzaɓi. Sai bayan la'asar kamiyo ta tsaya a ƙofar gida, aka sauko da Baffa, rigarsa ta koma kalar ƙasa. Da kyar dattawa suka shawo kan uban yarinya aka ɗaura.

Aka jawo motar zuwa garejin Yaou. Da ya buɗe injin, ya ciro fistan ɗaya, ya ɗaga shi sama, ya leƙi mai motar ta cikin hudar da ke tsakiyarsa. Biyel, wato sandar da ke riƙe fistan, ya karye ya fasa jikin inji ya leƙo waje. Turbo ya haɗiyi ɓaraguzan ƙarfe. Babu abin gyara. Ɗanbala kuwa aka je inuwar mangwaro, sai mangwaron.

Baffa bai yi faɗa ba. Ya tara 'yan gida ya ce wanda aka gaya wa gaskiya ya liƙe ta da takarda, ba za a bar masa amanar marayu ba. Ya karɓe rumfunan ya ba ƙanen. Yau mutuminmu a bayan zem yake zuwa kasuwa, yana auna atamfa a rumfar da a da shi ke ba da umarni a cikinta. Idan mota ta wuce da ƙara, sai ya sunkuyar da kai.

Ya 'yan uwa, riya ce ta kashe injin nan. Gyara abin da ake gani, da ha'intar abin da ba a gani. Wani a cikinmu sujadarsa a masallaci har sai an tausaya masa, a ɗakinsa kuwa kamar kaza na tsattsagar hatsi. Kuma Allah ba ya kama bawa sai ya aiko masa da gargaɗi. Zuciyarka na ƙwanƙwasawa idan ka tauye mudu. Matarka ta faɗa maka, amininka ya faɗa maka. Ka tsaya ka duba, ko kuwa ka tafi neman wanda zai ce maka babu komai?

Ya Ubangiji, ka ba mu kunnen jin nasiha ko da mai ɗaci ce. Ka sa ɓoyenmu ya fi bayyanenmu kyau. Ka haɗa mu da masu gaya mana gaskiya tun gyara na da sauƙi. Allah ya kiyaye mu, da mu da iyalanmu, a gida da kan hanya. Amin.